Wasiƙa daga Mancesta: kaya araha, hannu tsada

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara, da Inna da ƙarfin jiki. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da yayyafin da ba ya gajiya.

Maganar injin wanki da kika ce in saka miki a jirgin ruwa, gara in sallame ta tun yanzu: kada mu yi. Ba don wuta ba, ƙarfin wutar Ingila ɗaya ne da namu, kan soket ɗin ma mai ƙafa uku ne irin na gida. Matsalar ita ce injin nan da kansa yake zuƙar ruwa daga famfo, yana son ruwa mai ƙarfi da wutar da ba za ta ɗauke ba har ya gama, wani zubin fiye da awa biyu. In an ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, ƙofarsa tana iya ƙin buɗewa, kayanki su kwana a ciki. Ga kuɗin dako, ga na kwastan. Zan turo kuɗi ki shiga Sabon Gari ki ɗauki mai baki biyu ɗin nan da ake zuba wa ruwa da bokiti, ƙaramin janareto ma yana jan sa, kuma in ya lalace akwai mai gyara a bakin titi.

Mai gyara a bakin titi shi ne abin da babu a ƙasar nan, kuma a kansa nake son in tsaya, tunda kin ce mu mun huta. A nan kaya ne ke da araha, hannun ɗan'adam kuwa tsada gare shi. A watan Afrilun 2025 doka ta sa mafi ƙarancin abin da za a biya ma'aikaci mai shekara 21 zuwa sama a awa guda ya zama fam 12 da peni 21. Wannan na ƙasa ke nan. Mai gyaran famfo ko na wuta, kuɗin taka ƙafarsa kawai zuwa ƙofarki ya ninka haka, kafin ya taɓa komai, kuma sai kin jira ranar da ya ga dama. Saboda haka butar dafa ruwa in ta mutu ba a neman dalili, sabuwa ake saye. Tela ya rage miki tsawon wando, kuɗin ya kusa na wandon. Takalmi ya ɓalle, sai kwandon shara.

Ki tuna gidanmu na Kwarbai cikin birnin Zariya a shekarun 1980, inda al'amarin yake a juye. Kaya ne ke da daraja, hannu kuwa ko'ina. Ƙwarya ta tsage a ɗinke ta. Kwano ya huje a kai wa mai liƙi. Turmi ya fara tsaguwa a ɗaure shi da ƙarfe ya ƙara shekara goma. Dutsen niƙan Kaka in ya yi santsi akwai mai zuwa ya sassare shi. Langa da samira da kwallayen da aka yi wa Inna jere da su, ba na jin an taɓa jefar da ko ɗaya, sai dai a sauke su daga kan kabad a goge a mayar, in biki ya zo a ara wa maƙwabta. Keken ɗinkinta Singer kuwa ke kin san da shi aka ɗinka mana kayan sallah har muka yi aure.

Wani abu da zai ba ki dariya: a da in Baba zai yabi kaya sai ya ce ɗan Ingila ne, magana ta ƙare. To ga ni a Ingilar, na juya gindin tukunya, na juya wuyan riga, yawanci Cana ce ko Bangaladash ko Turkiyya. Masana'antar Singer da ke Sikotilan an rufe ta tun 1980. Keken Rale da Baba yake tinƙaho da shi, a 2002 aka daina ƙera shi a garin Nottingham. Atamfar ABC da ake sa wa amare a lefe, a da a nan kusa da mu ake buga ta, wani gari Hyde, amma tuni aka kwashe aikin aka kai Gana. Kuma kin san garin nan da Zariya sun daɗe da sanin juna: ƙungiyar auduga ta BCGA da aka kafa a Mancesta a 1902 ita ce ta dasa injin gurza a Zariya, jirgin ƙasa ya kwashi audugarmu, a saƙa a dawo mana da ita mu saya. Manyan gine-ginen jan bulo da suka yi wannan saƙar suna nan, an mai da wasu gidajen haya masu tsada.

Ruwa kam ba ni da abin cewa sai yabo. Dare da rana yana nan, mai sanyi da mai zafi, na sanyin kuma sha ake kai tsaye. Wata magudana ce da aka gama tun 1894 take kawo wani kaso daga tafkin Thirlmere, tafiyar mil 96, gangare kawai ba injin turawa, har yau tana aiki. Duk sanda na tuna rijiyarmu lokacin bazara, a zura guga a jira ruwa ya taru, ko guga ya tsinke a shiga gidaje aron ƙugiya, ko jiran ɗan garuwa har azahar, sai in ce Allah ya sa wa mai wannan aikin albarka. Abin da firji ya kasa shi ne ruwan randa. Nasa sanyin cizon haƙori yake, na randa kuwa kwantawa yake a ƙirji, ga ƙamshin ƙasa.

Wanki inji ke yi, amma shanya fa? A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, in ma ta fito. Sai dai a baza kaya a cikin ɗaki jikin ƙarfen ɗumama gida, danshi ya kama bango ya yi baƙi, ko a kunna na'urar busarwa ana kallon mita tana gudu. Tun da farashin gas da wuta ya yi tsalle a 2022, har Turawan kansu sun koyi lissafin sau nawa za su kunna ta. Ni atamfata ba ta shiga ciki, da hannu nake wanke ta a bandaki. Sai ranar wankin gidanmu ta faɗo mini: baho uku a jere, sabulun sanda da Omo da bulu, sitacin rogo a kan wuta, igiya daga bakin zaure zuwa bishiyar dalbejiya, kafin la'asar komai ya bushe ƙayau. Da yamma a zuba garwashi a dutsen guga ana hurawa, ana kaffa-kaffa kada toka ta zubo a farar rigar makaranta. Manyan rigunan Baba kuwa ba sa ganin guga, wajen masu bugu ake kai su, su dawo suna ƙyalli. Nan in maigida zai sa babbar riga ranar idi, ni da feshin sitaci na gwangwani ne, kuma shi ma ya san maneji muke.

Cefane a manyan kantuna ne irin su Aldi da Asda da Tesco. Komai a leda, da farashi a jiki da ranar lalacewa. Babu ciniki, babu gyara, babu ɗauki ki kawo gobe. A wasu ma ke za ki nuna wa na'ura kayanki ki biya da kati ki fita, ba ki ce wa kowa sannu ba. Ledar zuba kaya saye ake, aƙalla peni 10. Ranar Lahadi awa shida kacal doka ta yarda manyan kantuna su buɗe. Abin da na jinjina musu shi ne haƙƙin mai saye: in kaya ya zo da aibu, kina da kwana 30 ki mayar a ba ki kuɗinki cif, ba rantse-rantse. Mudu kuma ba a bubbuge gindinsa.

Namu abincin sai an bi lungu. Naman halal wajen 'yan Pakistan a Cheetham Hill, doya da manja da attaruhu a shagunan 'yan Afirka na Moston Lane. Garin gero da na dawa wajen Indiyawa nake samu, don su ma cimarsu ce. Amma garinsu da dusarsa ake niƙawa, ba surfe, ba wanki, tuwon sai ya fito da duhu da ɗan ɗaci, shi ya sa yawanci na shinkafa ko semo muke tuƙawa. Daddawa akwai ta Yarabawa, ɗanya mai ƙwaya-ƙwaya a firiza, tana rage zafi amma ba tamu ba ce. Kaza in ba kin ce tsohuwa kike so ba, za a ba ki wadda minti ashirin ta narke a miya. Sai abin haushi da dariya: zogalen da ke bayan ɗakin Gwaggo, wanda awaki ke yi wa ɓarna, a nan a kantin magani yake cikin kwalabe, ana haɗiyarsa ƙwaya-ƙwaya. Garin 'ya'yan kuka ma haka, 'yar leda da kuɗi mai yawa. Ganyen kukar kuwa, na miya, ba su san da shi ba.

Tuwon nan na minti goma sha biyar shi ke sa ni dogon tunani. A gidanmu tuwon dare tun hantsi yake farawa. A auno dawa, a yayyafa ruwa a surfa, a bakace, a wanke, ƙasarin a ba tumaki, dusar a ajiye musu, a shanya tsabar a tabarma a sa yaro korar kaji. Sannan a ɗora wa ɗayanmu a kai injin niƙa, a dawo a tankaɗe, tsakin a ware na fate. Ke da Gwaggo in kuka haɗu a turmi ɗaya kuna lugude, kuna cilla taɓarya kuna tafi kafin ta dawo, har gida na uku an san ana aiki a gidanmu. A bakin turmin nan na ji wa za a aurar, wa ta yi yaji, wa ya dawo daga Makka, a nan aka koya mini yadda ake gaida surukai da yadda ake gane dawar da ƙwari suka ci. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce yau darasi ne. 'Yata yanzu ta iya sarrafa kowace na'ura a kicin, amma ba ta taɓa ganin zangarniyar dawa ba, kuma in ina girki tana ɗakinta, don aikin bai kai na mutum biyu ba.

Kuma kasuwa ce ke zuwa har tsakar gida. 'Yar fillo da nono da man shanu, yara masu tallan ƙuli da daddawa da kayan miya, mai itace da jakinsa a ƙofar zaure, dillaliya da ƙunshin zannuwa da labarin gari. Inna ba ta taka kasuwa ba amma tana da sana'a uku daga cikin ɗaki, da adashi, da masu bin ta da waɗanda take bi. Nan ma ana kawo kaya har ƙofa, ki taɓa waya yau gobe ya iso. Mai kawowar zai ajiye, ya ɗauki hoton ƙofar, kafin ki sa mayafi ya tada mota.

Sai dai kada kewa ta sa mu yi wa zamanin nan kwalliyar da ba tasa ba. Arahar hannun nan, wani ne ke biyan ta. Mu ne 'yan mata da muke shiga aji da makara saboda wanke-wanke da ɗiban ruwa. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye ce, wadda ba a taɓa sa ta a makarantar ba. Almajirin gidanmu ne, mai share kwata da kai niƙa, ladansa ɗumame da ƙanzo. Idon Inna da tarin da take fama da shi, ni na ɗora su a kan hayaƙin ɗanyen itace na damina, shekara da shekaru tana durƙushe tana hura murhu. Ranar da Baba ya kawo risho ai guɗa aka yi. Don haka duk mai cewa matan da sun fi na yanzu juriya, a miƙa masa taɓarya ya gwada surfen tiya biyu. Abin da nake kewa shi ne cikar tsakar gidan, wahalar kuwa Allah ya raka taki gona.

Taki ma ya tuna mini shara. Manyan kwanduna huɗu gare mu, kowane da launinsa: na takarda, na kwalba da gwangwani, na ragowar abinci da ciyawa, da na sauran tarkace. Kowane da ranar fitar da shi, in kin gauraya a bar miki abinki. Ba kyauta ba ne, yana cikin harajin gida da ake biyan ƙaramar hukuma. Su suna ganin sabuwar wayewa ce. Mu kuwa gwangwanin madara ya zama ma'auni ko aci-balbal, toka ta wanke tukunya, tsumma ya zama gammo, jujin da ya rage masu jakai su kwashe kafin damina.

Turaren wutar da kika aiko ya iso, ƙamshi har matakala. Sai dai kowane gida da na'urar jin hayaƙi a rufi, da ta shaƙa sai ihu, don haka a kaskon lantarki nake sa shi kaɗan-kaɗan da taga a buɗe. Akwai mai tahowa bayan sallah. Ki haɗa mini kuka sabuwar daka, busasshiyar kuɓewa, daddawa ta gida, kanwa, yajin Inna, da surfaffen gero ko da tiya ɗaya ce, a shanya shi sosai. Ki sa muciya da mara, nasu cokalin katakon ba ya tuƙi. Kada ki kuskura ki saka kilishi ko dambun nama ko man shanu, dokarsu ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, ƙwacewa za a yi a filin jirgi, a jawo wa bawan Allah magana. A cikin kuɗin da zan turo ki cire na cika wa Inna tukunyar gas, ki kuma sa ido, don na san ta, za ta ce tuwon itace ya fi daɗi ta koma murhu.

Ki gaida Gwaggo da mutanen Tudun Wada, ki ce wa Inna ta sa mu a addu'a.

Ƙanwarki.