Kafintan da ya yanka mini katakon marimba

Duk mai son haɗa marimba a gida, wato abin kiɗan nan na jerin katako da ake bugawa da sanduna, samun kafinta mai haƙuri ya fi samun katako wuya. Na dace da wani a bayan kasuwar katako ta garinmu, kuma na yaba da aikinsa.

Maɗobiya na ce ina so, itacen da masu balafon (abin kiɗa mai kama da marimba) na Mali da Gini suke amfani da shi. Bai ɓoye mini ba, ya ce ta yi wuya, ta yi tsada tun da aka yi ta kwasarta ana fita da ita waje. Ya zaƙulo mini busasshiya daga tsohon ajiyarsa, yana ƙwanƙwasa kowanne guntu da bayan yatsa yana kai kunne, wanda ya yi "dum" ya ajiye shi gefe.

Inda ya fi burge ni wurin huda ramin igiyar da ke riƙe katakon ne. Katakon marimba yana da wurare biyu da ba sa girgiza idan an buga shi, wajen kashi 22 cikin ɗari na tsawonsa daga kowanne baki, kuma a nan ake hudawa. Na barbaɗa gishiri a kai ina bugawa a hankali, gishirin ya yi ta tsalle har ya taru a layi biyu. Ya ce, "Malam, sake yi in gani." Daga nan kowanne sai da ya gwada kafin ya huda.

Saitin sauti kuwa kada ka bar masa shi kaɗai. Idan aka fafe cikin katakon daga ƙasa, sautin yana yin kauri. Idan aka rage bakinsa, ya ƙara tsini. Hannunsa ya saba da ƙofa da gado, sai ya zarce da fafewa a guda biyu, dole muka sake yankawa. Ka zauna kusa da shi da manhajar auna sauti a wayarka, kana cewa ya isa.

Bututun roba na ruwa da ake toshe gindinsa a rataya ƙarƙashin kowanne katako don ƙara ƙarfin sauti ma shi ya yanka, na sautin da mawaƙa ke kira C na tsakiya tsawonsa wajen santimita 33. Kuɗin katakon da ya lalace bai karɓa ba.