Behringer X32 a ɗakin ɗaukar sauti: shekara uku ina aiki da ita

Kafin wannan mikisa, wato na'urar haɗa sauti, ta shigo situdiyonmu, aikinmu bai wuce irin wanda aka saba gani a yawancin ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano ba. Makaɗi ya haɗa kiɗa a fiyano, mawaƙi ya shiga ƙaramin ɗaki ya rera a gaban makirufo ɗaya, sannan a kira 'yan amshi su ɗora nasu daga baya, kuma ƙaramin akwatin sauti mai kafa biyu yana isar mu duk wannan. Gazawarmu ta fito fili ne ranar da wata ƙungiyar masu bege ta zo da mandiri huɗu da jagora da 'yan amshi biyar, suka ce ba za su iya yi ɗaya bayan ɗaya ba, domin jagoran da bugun mandirin yake tafiya, masu bugun kuma numfashinsa suke saurare. Muka tara mutum goma a gaban makirufo biyu, mandirin ya danne muryoyin, kuma babu yadda za a yi a raba su bayan an gama. Na ji ciwon aikin nan sosai, domin mutanen sun yi abin kirki, mu ne muka kasa kama shi. Daga ranar muka fara neman na'urar da za ta karɓi kowa a kan layinsa a lokaci guda, har muka tsaya a kan X32.

Kamfanin Behringer, wanda Uli Behringer ya kafa a Jamus a shekarar 1989, shi ya fitar da ita a 2012, bayan uwar kamfanin ta sayi Midas, kamfanin ƙera mikisa na Ingila, a 2009. Wannan cinikin yana da muhimmanci ga mai saye, domin injiniyoyin Midas ne suka tsara sashen da ke karɓar sautin makirufo ya ƙarfafa shi, kuma a nan ne ingancin kowace mikisa yake farawa. Tana da kafar makirufo 32, da kafar fitar da sauti 16, da feda 25, wato maɓallan da ake ja sama da ƙasa don ƙara ko rage sauti, masu motsa kansu, da allo mai inci 7 a tsakiya. Nauyinta ya ɗan haura kilo 20, faɗinta kuma kusan santimita 90 ne, saboda haka tana bukatar teburinta na musamman.

Abin da ya fi amfane mu shi ne katin da ke bayanta, wanda yake tura layi 32 zuwa kwamfuta ta wayar USB guda ɗaya, ya kuma dawo da wasu 32. Da masu begen nan suka dawo, kowane mandiri ya samu makirufonsa, jagora nasa daban, 'yan amshi suka raba uku, na kuma rataya guda biyu a sama domin su kama amon ɗakin. Da na zauna tace aikin da daddare, sai na ga ina iya rage mandirin da ya yi zafi a baiti na uku ba tare da na taɓa muryar jagoran ba. Wanda bai taɓa fama da sautin da ya cakuɗe a layi ɗaya ba, da wuya ya san girman wannan sauƙi.

Sai dai yawan layi ba ya gyara aikin da aka fara da kuskure, kuma a nan nake son in daɗe, domin shi ne abin da na fi koya wa yaran da ke zama kusa da ni. Duk aikin mikisa yana rataye ne a kan maɓallin farko na sama, wato gen, wanda yake ƙayyade ƙarfin da sauti zai shigo da shi. A tsohuwar mikisa ta analog, idan sauti ya ɗan wuce iyaka yakan yi kauri ne kawai, kunne ya iya jurewa. A na'urar dijital irin wannan kuwa, da zarar fitilar ta kai sifili ta yi ja, sautin ya fashe ke nan, kuma babu manhajar da za ta mayar da shi yadda yake. Saboda haka nakan sa mawaƙi ya rera wurin da ya fi ɗaga murya a waƙar, ba farkonta ba, in juya gen har fitilun su riƙa yawo a wajen 18 ƙasa da sifili, in bar sauran sararin saboda lokacin da shauƙi zai ɗebe shi. Makaɗan kalangu sun fi kowa bukatar wannan hattara. A gwaji mutum zai buga a hankali, amma da waƙa ta yi daɗi ya matse kalangun a hammata ya sake shi, sai bugun ya ninka na farko. Fitilun X32 suna nuna gaskiya a wannan wuri, kuma ko da na ɗaga gen sosai saboda mai garaya mai sanyin hannu, ban ji tsakin da ƙananan mikisoshi suke yi ba.

Kowane layi yana da ikwalaiza mai hawa huɗu, mai gyara kauri da kaifin sauti, da kwamfuresa mai matse sautin da ya yi ƙarfi da yawa, da ƙofar da ke rufe makirufo idan mai shi ya yi shiru, da kuma abin yanke ƙasan sauti. Wannan na ƙarshen shi ne na fi taɓawa, domin yana kawar da gurnanin janareta da na manyan motoci da ke ratso bango, waɗanda kunne ba ya lura da su sai an haɗa layi goma wuri ɗaya. Kwamfuresa kuwa ina sassauta masa hannu a kan kayan kiɗan gargajiya. Kalangu magana yake yi, hawa da saukar muryarsa su ne ma'anarsa, kuma idan aka matse shi da yawa sai ya koma bugu marar rai. Akwai gurbi takwas na kayan ƙawata sauti, eko ɗinsu kuma mai kyau ne, ko da yake ni a kunnen mawaƙi kaɗai nake sa shi lokacin ɗauka, in bar abin da ke shiga kwamfuta a bushe, ba eko.

Batun abin da mawaƙi ke ji a kunnensa shi ne wuri na biyu da na'urar ta sauya mana aiki. Tana da hanyoyin haɗi 16, kuma kowace za ta iya zama haɗin hedifon na mutum ɗaya. Jagora zai ce, "Malam, ƙara mini muryata, ka rage mini mandiri," mai mandiri kuma ya nemi akasin haka. Sai in zaɓi hanyar jagoran, in danna maɓalli ɗaya, fedojin su tashi da kansu su jeru daidai da abin da yake ji, in gyara, in koma. Tun da sautin daga mikisar yake komawa kunnensa kai tsaye ba sai ya ratsa kwamfuta ba, jinkirin bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, don haka babu wanda ya sake cewa muryarsa tana biyo shi a baya. Akwai kuma maɓallin magana da waɗanda ke cikin ɗaki, wanda ya raba ni da buga gilashi da hannu.

Tana iya ajiye tsari har guda 100. Idan ƙungiya ta tafi ta dawo bayan mako biyu, sai in kira tsarinta, komai ya koma mazauninsa har da sunayen da na rubuta a ƙananan allunan da ke saman fedoji.

Akwai abubuwan da mai saye ya kamata ya sani tun kafin ya biya kuɗi. Na'urar ba ta wuce kilohaz 48 wajen ɗaukar sauti, wato tana auna shi sau dubu 48 a daƙiƙa, wanda ya wadatar ga waƙa da fim da rediyo, amma wanda ake neman aikin 96 daga wurinsa sai ya duba wata. Allon ba na taɓawa ba ne, da maɓallan da ke ƙasansa ake sarrafa shi. Ba ta da wayales a cikinta, sai an haɗa mata rauta, wato akwatin wayales, kafin a iya juya ta daga waya ko kwamfutar hannu. Abin da ya fi wahalar da sabon shiga shi ne shafin rarraba hanyoyi, inda ake zaɓar layin da sautin kowace kafa zai bi, domin asalin tsarinsa takwas-takwas yake tafiya, ko da yake sabunta manhajarta zuwa ta huɗu ya ba da damar zaɓar kafa ɗaya-ɗaya. Na ɗauki kusan wata guda kafin shafin nan ya zauna mini a kai, kuma shawarata ita ce mutum ya zana hanyoyinsa a takarda ya manna a bango. Haka nan layukan 32 ba sa bayyana gaba ɗaya, 16 ne a gabanka, sauran suna shafi na biyu, don haka dole ido ya saba duba shafin da ake kai kafin hannu ya ja feda.

Sauran kulawar ta yanayinmu ce. Fedoji masu inji ba sa shiri da ƙura, kuma ƙurar hunturu tana shiga ko ɗakin da aka toshe. Muna rufe ta da mayafi mai kauri duk dare, muna share ramukan fedojin da burushi mai laushi, ba ma kuma barin kowa ya ajiye shayi ko ruwan leda a kan teburin. Wuta kuwa ba mu taɓa haɗa ta kai tsaye da ta gari ko ta janareta ba, ta inbata take sha ita da kwamfutar, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar ɗauka tana iya cinye waƙar da mutum goma suka yi gumi a kanta. Ina kuma kunna ta kafin lasifikoki, in kashe su kafin in kashe ta, in sauke feda kafin in tura wutar bolt 48 da wasu makirufo ke bukata daga mikisar.

Wanda aikinsa murya ɗaya ce a kan kiɗan fiyano, ban ga dalilin da zai sa ya sayi X32 ba. Gara ya zuba kuɗin a makirufo mai kyau da gyaran bangon ɗakinsa, domin layi 30 za su zauna ne babu aiki. Amma mai ɗaukar ƙungiyar mandiri, ko makaɗan gargajiya, ko wasan kwaikwayon rediyo mai 'yan wasa da yawa, ko wanda yake fita da kayansa wurin taro, zai mori kuɗinsa. Idan ɗakin ƙarami ne akwai ƙanwarta X32 Compact mai kafar makirufo 16, wadda aikin cikinta iri ɗaya ne. Mai niyyar sayen ta hannu kuma kada ya biya sai ya tafi da makirufonsa da hedifon ya gwada kafofin ɗaya bayan ɗaya, ya sauya shafi sau da yawa yana kallon ko kowace feda tana isa wurinta ba tare da karkarwa ba, sannan ya haɗa ta da kwamfutarsa ya ga layukan 32 sun bayyana.