Horon kwana biyar kan tsara darasi a wata cibiya ta unguwar Zango

A babban hutun da ya wuce na biya jika goma sha biyar na shiga horon da wata cibiya mai zaman kanta take shirya wa malaman firamare a nan Damagaram, kan yadda darasi guda zai amfani yaran da fahimtarsu ba ɗaya ba. Ajin CE2, wato aji huɗu na firamare, nake riƙe da shi, kuma a benci ɗaya akwai yarinyar da ke karanta labari ba gargada, kusa da ita kuma yaron da har yanzu yake rikita b da d.

Rana ta biyu kaɗai ta fanshe kuɗina. Malamar da ta horar da mu ta nuna mana gajeren gwajin da ake yi wa kowane yaro shi kaɗai, daga harafi zuwa kalma, daga kalma zuwa sakin layi, har zuwa labari, sannan a kasa ajin rukuni-rukuni bisa inda kowa ya tsaya, dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi fice da ita. Malamar ba ta nemi kayan da ba mu da su ba. Da allo da alli da tsinkayen kara ta yi aiki, tana ɗaure su goma-goma, ta sa mu zauna kan tabarma muna kwance dami ɗaya domin mu ga da idonmu abin da ake nufi da aro a lissafin ragi. Na shekara tara ina koyarwa, ban taɓa bayyana shi haka ba.

Inda cibiyar ta gaza shi ne batun harshe. Takardun da aka raba mana duk da Faransanci suke, alhali a garin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, kuma ba a ce uffan ba game da yaran da Barbarci ko Fillanci suke ji a gida. Darasin yara masu buƙata ta musamman kuwa awa guda aka ba shi. Da na tambayi yadda zan yi da ɗalibata da ba ta ji sosai, amsar ita ce in zaunar da ita a gaba, abin da nake yi tun farkon shekara.

Malamin da cunkoson aji ya dame shi zai ƙaru sosai, amma ya tafi da abincinsa, domin shayi kawai ake bayarwa.