Shagon zane na Mabera da aikin da ya yi wa ƙungiyarmu

Yawancin shagunan buga fasta a Sakkwato aikinsu iri ɗaya ne: a ɗauko hoton Alhaji cikin babbar riga, a goge masa fuska har ta yi sheƙi, a liƙa tambarin jam'iyya a gefe. Wannan ɗan shagon na Mabera shi ma yana irin wannan aikin idan kakar zaɓe ta kama, don da shi ake biyan haya. Abin da ya sa nake tura mutane wurinsa daban ne.

Ƙungiyarmu ta matasa ce. Muna tara hatsi da tufafi don 'yan gudun hijirar da suka baro Sabon Birni da Isa da Rabah, muna kuma matsa wa wakilanmu lamba su riƙa buɗe baki a majalisa. Mun buƙaci zanen da za a yaɗa ta waya, da fastoci, da babban ƙyalle, da riguna. Wasu daga cikinmu sun dage a yi amfani da irin hotunan da suka cika Facebook a Disambar 2021, lokacin da 'yan bindiga suka ƙona motar fasinja a Gidan Bawa, mutum fiye da 20 suka rasu, har matasa suka fito da maudu'in #NorthIsBleeding. Ni aka aika da hotunan. Mai shagon ya duba, ya miƙo mini wayata.

"Malama, ba ni aza wanga hoto ga fasta. Wanda ac ciki ɗan wani na, kuma uwatai na iya ganinai."

Ya ce mu ba shi lokaci ya zana nasa. Abin da ya fito da shi mace ce ta ba da baya, tabarma naɗe a kanta, yaro riƙe da gefen zanenta. Ba fuska, ba jini. Ya kewaye su da ado irin na allon zayyana, da launukan da dukawanmu ke sa wa jan fatar akuya: ja mai duhu, kore, ruwan ɗorawa da baƙi. A ƙasa ya jera sunayen garuruwan da aka tasa, da boko da kuma ajami. Ajamin ne ya fi kama ni. Bai ɗauko shi daga kwamfuta ba. A gabana ya fiƙe alƙalamin kara, ya tsoma a tawada, ya rubuta a farar takarda, ya ɗauki hotonta, sannan ya gyara a manhajar zane ta CorelDRAW. Ko a waya ana ganin inda tawadar ta yi kauri da inda alƙalamin ya fara bushewa.

A garin da Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙinta da ajami, 'Yan Taru, ƙungiyar matan da ta kafa, suka kai su ƙauyuka suna karantar da mata, wannan rubutu ya wuce kwalliya. Tsofaffin da ba sa tsayawa kallon fasta sun tsaya a kan tamu. Wani dattijo a bakin masallacin unguwarmu ya bi sunayen da yatsa har ya kai na garinsu, washegari ya aiko da kwanon gero.

Ya kuma san yadda hoto ke yawo a waya. Ya ba mu zanen iri uku: dogo na sitatus ɗin WhatsApp, mai kusurwa huɗu na Facebook, da wani mara nauyi da zai buɗe ko da sabis ya yi rauni. Ya tuna mana Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan, mutane suka koma tura abu daga waya zuwa waya ta Xender. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yuni har Janairun 2022. Shi ya sa ya sanya dukan saƙon a jikin hoton, ba sai an latsa wani adireshi ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, duk sun fito daidai.

Inda ya gaza ma zan faɗa. Alƙawarin Laraba ya koma Asabar. Wuta ba ta zama, janaretansa ƙarami ne, babban injin buga ƙyalle kuma ba nasa ba ne, sai ya kai wani wuri ya bi layi. Ƙyallen bai jure ranarmu ba: a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, jan ya koɗe kafin mu gama zagayen. Rubutun rigunan ya fara tsattsagewa bayan 'yan wanki kaɗan. Ya sake buga wasu kyauta, amma matsalar tawadar ce, ba ta gyaru ba. Kuɗin zanensa ya fi na maƙwabtansa sosai, kodayake ban ga tsadarsa ba.

Sai batun taka-tsantsan. Yana karanta kowace kalma kafin ya karɓi aiki. Ya ƙi buga wani layi da muka kira wani jami'i ɓarawo, ya ce mu kawo hujja tukuna, bai kuma sa lambar shagonsa a fastarmu ba. Tun Agustan 2024, da aka kama teloli a Kano kan ɗinka tutar Rasha lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, masu sana'ar hannu suka gane cewa su ake fara ɗauka. Wasu abokan tafiyata sun kira shi matsoraci. Ni ban yarda ba, don sunayen garuruwan nan bai rage ko ɗaya ba.

Idan ƙungiyarku na da saƙon da take son ya shiga zuciyar mutanen nan, ku ba shi zanen da na waya da fastocin takarda. Riguna da babban ƙyalle ku karɓi zanen ku kai wa mai inji mai kyau. Ku je da safe da rubutunku a shirye, ku kuma ƙara kwana uku a kan ranar da ya ba ku.