Gidan Abinci a Gefen Gadar Kwangila, a Idon Mai Tattaki da Jakar Goyo

Duk wanda ya taso daga Kaduna a ƙafa da niyyar isa Kano, Zariya ce zangonsa mafi muhimmanci, domin bayan tafiyar kimanin kilomita 80 ta Maraban Jos da Jaji, a nan ne zai huta sosai, ya shanya kayansa, ya kuma sake guzuri kafin ya fuskanci sauran hanyar, wadda ta kusan ninka wadda ya baro. Da wannan ma'auni na auna wani gidan abinci da ke kusa da gadar Kwangila, wanda wata Hajiya ke gudanarwa tare da 'yan mata masu taimaka mata, kuma na sauka a wurin ne a watan Agusta, lokacin da marka ta kankama, ruwa na sauka ba dare ba rana.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake karɓar matafiyin da ruwa ya yi wa dukan tsiya. Masu abinci da yawa ba sa maraba da mutumin da ya shigo da taɓo har gwiwa da jaka mai ɗigar ruwa, saboda yana ɓata musu wuri, ga shi kuma yana daɗewa a kan benci. Hajiya kuwa tana ganina ta ce, "Sannu da hanya, ɗan nan, sauke kayan nan ka matso kusa da wuta," sannan ta sa aka kafa igiya daga ginshiƙin rumfa zuwa bangon madafa, na rataya riga da safa a inda zafin murhu ke isa gare su. Sun bushe da warin hayaƙi, amma sun bushe, kuma wanda ya taɓa tafiya da jiƙaƙƙiyar safa har fatar ƙafarsa ta yi fari ta fara saluɓewa ya san darajar wannan.

Tuwon masara da miyar kuka shi ne abin da ya kamata a nema a wurin. Tuwon ya tuƙu, babu gudaji, miyar ta ji daddawa da man shanu, kuma malmalar tana da girman da zai riƙe cikin mai tafiya har wayewar gari. Shinkafa da wake da mai da yaji ma ba laifi, sai dai ranar waken bai gama nuna ba. Da safe akwai koko da ƙosai, kokon da kauri da yajin citta, wanda ke korar sanyin da ya shiga ƙashi. Farashin bai wuce na sauran masu abinci na bakin tasha ba, kuma ana karɓar kuɗi ta taransfa, abin da ke da amfani ga wanda ba ya son yawo da tsabar kuɗi a hanya.

A batun guzuri ne wurin ya zarce takwarorinsa, ko da yake ba duk abin da matafiyi ke buƙata ake sayarwa a ciki ba. Hajiya tana da ƙuli-ƙuli da dakuwa da garin rogo, sauran kuma takan aiki yaro ya sayo daga masu tebur na bakin titi. Ita ce ta ba ni shawarar rage kilishi in ƙara dabino da ƙuli-ƙuli, kuma tana da gaskiya, domin kilishin da aka naɗe a takarda yana shan danshin damina ya yi laushi, daga nan kuma hunhuna ba ta da nisa. Garin rogon ta haɗa shi da sukari da gyaɗa, ta ƙulle a leda biyu, ɗaya cikin ɗaya, ta matse iskar kafin ta ɗaure baki, yadda ko jakar ta jiƙe sharkaf ruwa ba zai kai gare shi ba.

Akwai abubuwan da ba su yi mini daɗi ba. Rufin kwanon yana yoyo ta kusurwar da ake ajiye kaya, saboda haka dole mutum ya ɗora jakarsa a kan benci. Banɗakin na haɗaka ne da maƙwabtan shaguna, tsaftarsa kuma tana buƙatar gyara. Cajin waya ya dogara ne ga wutar lantarki, wadda takan ɗauke da zarar hadari ya haɗu, kuma babu janareta. Ga ƙarar tireloli da ihun 'yan kamasho, waɗanda ba za su bari mutum ya runtsa ba ko da gajiya ta yi masa yawa. Wurin kwana sai a nema a cikin Sabon Gari.

Mai nufin Kano ya ci tuwonsa da dare, ya dawo da sassafe ya sha koko ya karɓi guzurinsa, ya kuma cika gorar ruwansa kafin ya kama hanyar Tashar Yari da Kwanar Dangora.