Wata huɗu ina tafiyar dare da ƙwan LED a kan Boxer

Shagon ɗinkina a Haɗejia yake, iyalina kuma suna wani ƙauye ta hanyar Malam Madori. Ba na rufe shago sai bayan isha'i, in salla ta matso kuwa har sha biyun dare nakan kai. Duk mai bin hanyar nan ya san halinta: amalanken shanu ba shi da fitila, jaki ba ya kauce wa kowa, ga masu keke da baƙaƙen kaya a gefen kwalta.

Mashin ɗina Boxer ne, kuma ƙwan da ke kansa na halojin ne mai wat 35, mai haske ruwan ɗorawa. Wutarsa daga koyil take zuwa kai tsaye, shi ya sa hasken ke bin totur. Ka ja wuta ya ƙaru, ka sassauta ya dushe. To a bakin rami ake sassautawa, daidai wurin da aka fi bukatar gani. Wannan ne ya sa na sayi ƙwan LED mai farin haske, irin mai ƙaramar fanka a bayansa, naira dubu shida.

Daren farko ban ji daɗinsa ba. In mashin na sulo sai ya riƙa ƙyafta kamar walƙiya. Washegari mai wayarin ya duba ya ce, "Malam, wannan ƙwan wutar batir yake so, ta koyil hawa take tana sauka." Ya ja masa waya daga batir ta bayan makulli, ya sa fis. Tun ranar hasken ya tsaya cak, ko ina gudu ko ina tsaye. Ga shi ba ya cin wuta kamar tsohon, batir bai taɓa sauka ba. A nan kam na yaba masa.

Abin da ya dame ni daban ne. Motoci suka fara yi mini ful suna kashewa, alhali a dim nake. Wani dare na tsaya gaida wani dattijo mai amalanke da muka saba haɗuwa, ya kare fuska da hannu ya ce, "Ɗan nan, fitilar nan taka har shanun sai da suka tsaya." Maganar ta tsaya mini a rai, don ni ma na san yadda mutum yake makancewa na ɗan lokaci in an dalle shi, kuma a ɗan lokacin nan ake karo.

Da na isa gida na tsayar da mashin a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 5 daga katanga. Na auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, na ja layi da gawayi a bango daidai wannan tsayin. Na hau na zauna, domin nauyin mutum yana danne baya ya ɗaga kan mashin. Da na kunna dim, hasken ya haura layin da fiye da taƙi guda. Ashe rassan bishiya da idanun mutane nake haskawa, kwalta kuwa saura take samu. Ƙanena ya sassauta notin da ke riƙe da ƙoƙon fitilar, muka sunkuyar da ita har saman hasken ya dawo kamar santimita 5 ƙasa da layin, yatsu uku ke nan, sannan ya ɗaure. Mun kuma gano ƙwan a karkace yake. 'Yan idanunsa dama da hagu ya kamata su kalla, domin kwanon ciki ya tattara hasken ya jefa gaba. Aikin bai kai minti ashirin ba, amma ya fi canjin ƙwan amfani nesa ba kusa ba. Yanzu ina hango rami da wuri, kuma an daina yi mini ful. In na ɗauko goyo ko buhun shinkafa kan yana ƙara ɗagawa, sai in kiyaye.

Inda sabon ƙwan ya gaza shi ne cikin hazo. Da hunturu ya kankama, farin hasken sai ya daki ƙura ya dawo mini a ido kamar an rataya farin zane a gabana. Tsohon ƙwan ya fi daɗin ido a irin wannan dare. Fankar ma ta fara ƙara, ina jin ƙura ce ta shige ta, kuma in ta tsaya zafi ne zai kashe ƙwan.

Zan iya sake sayensa, amma sai mai launi biyu, fari da ruwan ɗorawa. Wanda ba zai bari a ja masa waya a saita masa fitila ba, gara ya bar kuɗinsa a aljihu, ya wanke gilashi, ya saita tsohon ƙwansa a jikin bango. Nawa tsohon yana naɗe cikin tsumma a jakar kayan gyara, har hunturu ya wuce.