Wandon jins a teburin dare: abin da muka gani a kwana bakwai kan Bahar Rum

Da ɗana na fari ya gama sakandare, na yi masa alkawarin tafiya, shi ya zaɓi jirgin ruwa. Mu uku muka tafi, ni da shi da mahaifiyarsa, a irin manyan jiragen nan na yawon shaƙatawa da ke tashi daga Basalona su zaga Marsel ta Faransa, su bi gabar Italiya, su dawo inda suka fito bayan kwana bakwai. Tun da muka dawo, mutum uku suka tambaye ni batun biza, biyu batun abincin halal. Babu wanda ya tambayi tufafi, alhali shi ne kaɗai abin da ya ɓata mana dare guda a tafiyar. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Tambayar a taƙaice ita ce: za a bar mutum ya ci abincin dare da wandon jins a jirgin? Amsar da na samo da idona ita ce e, a yawancin darare, matuƙar wandon mai duhun launi ne, ba yaga, ba koɗewa. Amma akwai daren da ba haka ba ne, kuma kamfanin da muka bi bai yi mana bayaninsa yadda ya kamata ba kafin mu ɗaure akwati.

Jirgin yana da wuraren cin abinci iri biyu da kuɗin tikiti ya ɗauke. Akwai na can sama kusa da wurin ninƙaya, inda kowa ke ɗaukar faranti ya ɗebi abin da yake so. Nan ba ruwan kowa da kayanka, in dai ba ka shigo a jiƙe ko ba riga ko ba takalmi ba. Sai babban zauren da ke ƙasa, mai teburi da farin ƙyalle, inda ake ba iyali teburinsu da lokacinsu, masu hidima su kawo abinci kashi-kashi. Mu an sa mu a zama na biyu, wajen ƙarfe tara saura, wanda ya yi mana daidai saboda muna samun yin magariba da isha a ɗaki kafin mu sauka. A wannan zauren ne dokar tufafi take aiki. Kullum da yamma mai gyaran ɗaki yana ajiye takardar shirin gobe a kan gado, kuma a samanta ake rubuta irin shigar da ake so a daren.

Daren farko kowa da kayan da ya hau jirgi da su ya zo, domin wasu ma akwatinsu bai iso ƙofar ɗaki ba tukuna. Na biyu ma jins ya cika zauren: maza da riga mai kwala, mata da riguna masu kyau a sama. Yarona ya sa baƙin jins da farar riga mai dogon hannu, ya yi tsaf, ba wanda ya ɗaga ido. Abin da na ga an hana a waɗannan dararen shi ne gajeren wando, da singileti, da silifas na wanka. Wani bawan Allah da ya shigo da hular hana-salla, a hankali aka roƙe shi ya cire.

Sai daren ado, wanda suke kira daren gala. Saƙon da kamfanin ya turo mana ta imel kafin tafiya cewa kawai ya yi ana “ba da shawarar” shiga ta alfarma a wasu darare. Shawara dai ba doka ba ce, haka na fahimta, haka ma yaron ya fahimta. Baƙin wandonsa yana wurin wanki, sai ya sa shuɗi, irin na samari mai ɗan yaga a gwiwa, da riga mai kyau da takalmi sau-ciki. Mahaifiyarsa ta dube shi tun a ɗaki ta ce, “Anya, Alhaji, za su bar shi da wannan?” Na ce mu je mu gani. A bakin zauren shugaban masu hidimar ya tare mu, ya yi magana da ladabi, ƙasa-ƙasa, ya ce yau ba a shiga da jins, ko ya canza ko ya hau sama. Ba ni da ƙorafi a kan mutumin, aikinsa ya yi kuma bai wulaƙanta kowa ba. Amma layi ne a bayanmu, mutane sanye da kwat da dogayen riguna suna kallo, kuma yaro ɗan shekara goma sha bakwai ba ya manta irin wannan da wuri. Na ga yadda fuskarsa ta canza. “Abba, ku shiga kawai, ni zan ci a sama,” in ji shi. Na ce a’a, tare muka zo, tare za mu ci.

Muka koma ɗaki. Ina da kaftani biyu na shadda, ɗaya ruwan toka da ke jikina, ɗaya fari a akwati. Tsawonmu ya kusa ɗaya, sai ya sa farin da wandonsa, na ara masa hula zanna bukar. Da muka dawo, mutumin da ya tare mu shi ya raka mu har teburi da kansa. Ba a yi maganar hula ba sam, domin sun san bambancin hular wasan ƙwallo da hular da take cikon shigar ƙasa. Kafin mu tashi, wasu tsofaffi biyu miji da mata daga teburin kusa sun zo suna tambayar yadin, matar har da shafa aikin wuyan rigar. Mai ɗaukar hoton jirgi ya tsayar da mu a matakala, kuma hoton nan shi ne kaɗai na yarda na biya kuɗinsa, duk da tsadarsa.

To amma ga abin da ya tsaya mini. Muna cikin cin abinci na hango aƙalla mutum biyu a can ɗaya ɓangaren da jins, masu duhu, da kwat a sama. Ta wata ƙofa suka shigo, wani ma’aikaci daban ya karɓe su. Mai kawo mana abinci, wani ɗan Indonesiya mai fara’a, da na tambaye shi sai ya ce abin ya danganta da wanda ke ƙofa da kuma yanayin wandon: baƙi mai tsabta da kwat sau da yawa yakan wuce, shuɗi mai yaga ba ya wucewa. Wannan ne laifin da na ɗora wa kamfanin. In doka ce, a rubuta ta doka tun a takardar tikiti, a kuma yi ta a kowace ƙofa. In shawara ce, kada a mayar da yaro daga bakin zaure. Iyalin da suka biya kuɗi mai yawa, suka sha wahalar bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, bai dace su san dokar tufafi a gaban layin mutane ba. Na faɗi haka a teburin karɓar baƙi washegari, na kuma rubuta a takardar jin ra’ayi ta ƙarshen tafiya.

Dokar kanta ban ƙi ta ba, kuma a nan na saɓa da ɗana, wanda har yau yake ganin tsohon yayi ce. Daren adon nan shi ne ya fi kowane dare kyau a jirgin. Kyaftin da manyan jami’ansa sun fito cikin fararen kaya, zauren ya yi shiru irin na girmamawa, hatta yara ƙanana sun natsu. Mu da muka taso muna ɗinkin salla, muka san ba a zuwa ɗaurin aure da kayan zaman gida, ba baƙon abu ba ne a wurinmu a ce wuri yana da shigarsa. Wanda ya yi ado ya girmama waɗanda zai zauna da su ne, ba kamfani ba. Kuma ba a tilasta wa kowa: wanda ba ya so, abinci na can sama a buɗe, yawancin abin da aka dafa a ƙasa ma akwai irinsa.

Al’adar ta samo asali ne daga zamanin da jirgin ruwa shi ne kaɗai hanyar ƙetare Tekun Atlantika. Kamfanin Cunard ya fara jigila daga Libaful zuwa Arewacin Amurka a 1840, kuma da tafiya ta yi tafiya ya zama fasinjojin babban aji ba sa zama cin abincin dare sai da cikakken ado. Daga 1958, da jiragen sama masu injin jet suka fara ƙetare tekun cikin sa’o’i, sai fasinjoji suka koma sama, jiragen ruwa suka koma sana’ar shaƙatawa, suka tafi da al’adar adon dare a matsayin wani ɓangare na abin da suke sayarwa. Tun daga nan kowane kamfani yake sassautawa gwargwadon irin mutanen da yake nema. Kamfanin Norwegian ya zo da tsarinsa na sakin mara a shekarar 2000, ba tsayayyen lokacin cin abinci, ba dole a yi ado, jins kuma ba matsala. Celebrity ya sauya darensa na kwat a 2015 zuwa wani mai sauƙi da ya yarda da jins masu kyau. Carnival yana barin jins a dararen yau da kullum amma ya cire shi daga jerin abin da ake shiga babban zaure da shi a daren ado. Cunard kuwa, mai jirgin Queen Mary 2 da ke zirga-zirga tsakanin Sawsamton ta Ingila da Niyok ta Amurka, har yanzu ya riƙe nasa: daga ƙarfe shida na yamma shiga ta canza, a daren gala kuma sai baƙar kwat ko makamanciyarta, wanda bai so ya nufi wuraren da aka ware. Saboda haka ba a tambayar “jirgin ruwa yana yarda da jins?” Sai dai a ce wane kamfani, wane dare, wane zaure. Dokokin ma suna canzawa, ya kamata mutum ya buɗe shafin kamfaninsa ya karanta sashen tufafi da kansa mako guda kafin tafiya, kada ya dogara da taƙaitaccen saƙon da aka turo masa kamar yadda na yi.

Kwana biyu bayan abin, jirgin ya tsaya a Jenowa ta Italiya, muka sauka muka zaga tsohuwar tashar ruwa. A nan na ba yaron labarin da na san zai so ji: sunan jins ɗin nasa daga garin nan ya fito, daga yadda Faransawa ke kiran Jenowa, saboda yadi mai ƙarfi da ma’aikatan ruwa na nan suke ɗinka kayan aiki da shi. Wandon da muka sani yau kuwa sai a ranar 20 ga Mayu, 1873 aka yi masa rajista a Amurka, lokacin da Levi Strauss da wani tela, Jacob Davis, suka sami haƙƙin sa ƙananan ƙusoshin tagulla a bakin aljihu don kada ya yage a hannun leburori. Launinsa na asali kuma baba ne, irin wanda marina ke jiƙawa a Ƙofar Mata. Ya ce ashe wandon ya fi kwat gadon teku. Gaskiyarsa ne, amma gadonsa na aiki ne, kuma wannan tarihin ne har yau yake binsa zuwa ƙofar zauren cin abinci, komai tsadar da aka saye shi.

Ga duk ɗan uwa da zai yi irin wannan tafiya, abin da zan ce ya zuba a akwati kaɗan ne. Jins ɗaya mai duhu, lafiyayye, ya isa dararen yau da kullum tare da riguna masu kwala. Kaftani biyu sun rufe dararen ado, wanda a tafiyar kwana bakwai yawanci biyu ne, kuma ya fi kwat sauƙin ɗauka. Ban ga amfanin sayen kwat da nektai don dare biyu ba alhali mutum yana da abin da ya fi shi kyau da shi a durowa. Mata kuwa ba su da damuwa ko kaɗan: Hajiya ta sa leshi da ɗauri a daren ado na farko, abaya mai duwatsu a na biyu, sauran dararen atamfa, ba inda aka tsayar da ita, mayafinta ma ba wanda ya tanka.

Abu ɗaya da zai ba mai shadda wahala shi ne guga. Ba a yarda da dutsen guga a ɗakunan fasinja ba saboda tsoron gobara, in ma an gan shi a akwati za a riƙe sai ranar sauka. A jirginmu dole a ba masu wankin jirgi, ana biya a kan kowace riga, kuma sai an miƙa kwana guda kafin a buƙata. A yi musu bayani cewa yadin ba ya son feshin ruwa da yawa, domin farin kaftanina da na ba su bayan daren ado na farko ya dawo da ɗan raguwar sheƙi. Wanda na naɗe da takarda tun daga gida, na rataye shi a durowa ranar da muka shiga, bai ma buƙaci guga ba.

A daren ado na biyu yaron da kansa ya ciro kaftanin tun la’asar ya rataye. Daren ƙarshe kuwa, da yake ana so kowa ya fitar da akwatinsa ƙofar ɗaki kafin ya kwanta, mutane sun riga sun naɗe kayan adonsu, zauren ya koma jins daga wannan bango zuwa wancan. Tsofaffin nan biyu ma haka suka zo, mijin da shuɗin wandonsa, ya tsaya a teburinmu yana tambayar yarona inda ake samun irin hular.